The Hunley ko Das Boot: wanne ya cancanci darenka?

Masu son fina-finan yaƙi sun daɗe suna ja-in-ja a kan The Hunley, fim ɗin da tashar TNT ta Amurka ta fara haskawa a watan Yulin 1999. Labarin wasu mutane ne da suka shige cikin bututun ƙarfe, wato jirgin ƙarƙashin teku mai suna Hunley, a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, suka je suka nutsar da jirgin yaƙin abokan gaba, su ma ba su dawo gida ba. Wasu na ganin an raina fim ɗin ne kawai don na talabijin ne, ba na sinima ba. Wasu kuma na cewa labarin ya fi ƙarfin waɗanda suka shirya shi. Kuma da wuya a tayar da wannan magana wani bai jefo Das Boot ba, fim ɗin Jamus na 1981 da aka mayar ma'aunin duk wani fim na jirgin ƙarƙashin teku. Daga nan sai gardama ta koma: in dare ɗaya gare ka, wanne za ka kalla?

Ni ga inda na tsaya. Das Boot ya fi kyau a matsayin fim, nesa ba kusa ba. Amma The Hunley ya fi shi labari, kuma shi ne za ka gama ka kwana kana tunanin mutanen cikinsa. Wanda ya dace da kai ya danganta da abin da ka zo nema, da yawan lokacinka, da kuma su wa ke zaune kusa da kai. Duka biyun tarihi ne, don haka zan taɓo ƙarshensu; wanda ba ya son a ɓata masa kallo ya sani tun yanzu.

Sai an san jirgin kansa ake gane dalilin da ya sa mutane ke yafe wa The Hunley kurakuransa. An ƙera shi a garin Mobile na jihar Alabama a 1863. Wani lauya mai hannu da shuni, Horace Lawson Hunley, shi ne ya tsaya a kan aikin tare da James McClintock da Baxter Watson, kuma wannan shi ne yunƙurinsu na uku: na farko sun nutsar da shi da kansu a New Orleans don kada ya faɗa hannun sojojin jihohin Arewa, abokan gabar jihohin Kudu da aka ƙera wa jirgin, na biyu teku ta haɗiye shi a gaɓar Mobile. A watan Agustan 1863 aka ɗora na ukun a jirgin ƙasa zuwa Charleston, a jihar Karolina ta Kudu, inda jiragen yaƙin Arewa suka datse bakin teku, babu shiga babu fita sai a sace.

Tsawonsa kusan mita 12 ne, kwatankwacin tankar dakon mai, sai dai siriri ne ƙwarai, tsayin cikinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Ba mai iya miƙewa tsaye. Ba shi da inji ko kaɗan. Mutum bakwai ne ke zaune a jere kan benci, a duƙe, suna juya wani dogon ƙarfe da hannu, shi kuma yana juya farfela a baya. Na takwas, kwamanda, yana gaba yana riƙe da sitiyari da fukafukan da ke sa jirgin ya nutse ko ya taso. Haskensu kyandir ne, kuma kyandir ɗin shi ne ma'aunin iskarsu: in ya fara lumshewa, numfashi ya kusa ƙarewa. Makaminsu tulun jan ƙarfe ne cike da albarushi, kimanin kilo 60, a ɗaure kan sandar ƙarfe mai tsawon kusan mita biyar da ta fito daga hancin jirgin. Wato sai sun je dab da abokin gaba, sun kai masa bam ɗin har jikinsa.

Ranar 29 ga Agustan 1863 ya nutse a bakin tasha da ƙofofinsa a buɗe, mutum biyar suka mutu. Aka ɗago shi, aka fitar da gawawwaki, aka wanke. Ranar 15 ga Oktoba ya sake nutsewa wurin atisaye, wannan karon duk mutum takwas ɗin suka mutu, har da Hunley kansa. Aka sake ɗago shi. Sannan wani laftanar mai suna George Dixon ya shawo kan Janar Beauregard, kwamandan tsaron Charleston, ya bari a ƙara gwadawa, kuma ya samu waɗanda suka yarda su bi shi da son ransu. Daren 17 ga Fabrairun 1864 suka fita, suka tarar da jirgin yaƙin Housatonic a tsaye 'yan kilomitoci daga gaɓa, suka fasa shi. Cikin mintuna kaɗan ya nutse, sojojin ruwa biyar na Arewa suka mutu. A tarihi ba a taɓa samun jirgin ƙarƙashin teku da ya nutsar da jirgin yaƙi ba sai ranar, kuma ba a sake ba sai 1914, bayan shekara hamsin. Idan aka yi lissafi, jirgin ya ci mutum 21 na gidansa, ya ci biyar na abokan gaba.

Duk ƙarfin fim ɗin daga nan ya fito. Wane irin mutum ne zai ga ƙarfen da aka zaƙulo gawawwaki daga cikinsa har sau biyu, ya ce a ba shi wurin zama? Darakta John Gray ya fahimci cewa wannan tambayar ce jarinsa, shi ya sa ya buɗe fim ɗin da nutsewa ta biyu. Kafin ka san sunan kowa ka riga ka ga yadda ake mutuwa a ciki. Saboda haka duk lokacin da aka rufe ƙofa a kan sababbin mutanen, gabanka sai ya faɗi, ko da atisaye ne kawai za su yi a ruwa mara zurfi.

Abin da masu yabo suka fi ambata shi ne wurin gwajin numfashi, inda suka sauka ƙasan ruwa da gangan suka zauna don su ga iya lokacin da za su jure. Ba ƙirƙira ba ce. William Alexander, injiniyan da ya yi aiki da Dixon kuma aka mayar da shi Mobile kafin fita ta ƙarshe, ya ba da labarin cewa sun yi awa biyu da minti 35 a ƙasa, alhali kyandir ya mutu tun a minti na 25. Sauran lokacin a duhu suka yi shi, kowa na jiran wani ya fara cewa a tashi, ba mai son ya zama shi ne ragon. A allo ba abin da ke faruwa sai gumi da haki da ƙarar ƙarfe, amma wurin ya fi harin kansa kama zuciya. Suna kuma yaba yadda aka nuna Charleston a ƙarƙashin ruwan igwa, don tun Agustan 1863 Arewa ke jefa wa garin harsasai, kuma sai ka ga haka kake gane abin da ya matsa wa mutane har suka rungumi wannan kasada.

Masu kushe ma suna da hujja. Armand Assante, wanda ya fito a matsayin Dixon, yana dab da shekara hamsin lokacin, alhali Dixon na gaskiya saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. An mayar da shi dattijon da duniya ta gama da shi, mai shaye-shaye, mai makokin matar da ta mutu a fashewar wani jirgin ruwa. Matar da makokin duk ƙari ne na marubuta. Kuma ƙarin ya rage wa labarin kaifi, domin mutumin da ya riga ya gaji da rayuwa ba abin mamaki ba ne ya shiga jirgin mutuwa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yaro mai sauran kwana a gaba ya shiga, ya kuma ja wasu. Donald Sutherland a matsayin Beauregard shi ma ya raba kan masu kallo: wasu na jin daɗin isarsa da lafazin Faransancin Luwiziyana da ya ɗauko, wasu na ganin ya cika gishiri. Ni dai ina ganin duk inda ya bayyana fim ɗin na farfaɗowa, ko da lafazin na tangal-tangal. Sauran 'yan jirgin kuwa an zana su da layi mai kauri, irin zubin da aka saba: mai faɗa, mai tsoro, ƙaramin yaro mai zumuɗi, su fara da gaba su ƙare da 'yan'uwantaka. Kuɗin talabijin ma ya nuna kansa a wasu hotunan ƙarƙashin ruwa da na fashewa.

Sai dai babbar matsalar The Hunley ba laifin kowa ba ce, ta lokaci ce. An gano inda jirgin yake a 1995, a binciken da marubuci Clive Cussler ya ɗauki nauyi, ko da yake wani mai binciken teku, E. Lee Spence, ya daɗe yana cewa shi ya riga kowa ganinsa tun 1970. Amma ba a ɗago shi ba sai ranar 8 ga Agustan 2000, wato shekara guda bayan fitowar fim ɗin. Masu shiryawa sun yi aiki ne da zane-zane da labaran da aka gada, jirgin na kwance cikin laka a rufe. Da aka buɗe shi a cibiyar adana kayan tarihi ta Warren Lasch da ke Arewacin Charleston, sai abubuwa da dama suka juye. An daɗe ana ɗaukan mutum tara ne a ciki, aka tarar da takwas. An daɗe ana cewa tsohuwar tukunyar injin tururi aka yanka aka yi shi da ita, aka tarar ƙira ce ta musamman mai santsi. Binciken ƙasusuwa da haƙora ya nuna huɗu daga cikinsu ma ba haifaffun Amurka ba ne, daga Turai suka zo.

Ƙarshen ne ya fi shan kashi. A fim, mutanen sun yi alkawari tun farko cewa in suka maƙale a ƙasa za su buɗe bawul ruwa ya shigo, su mutu da wuri maimakon su shaƙe a hankali, kuma haka suka yi. Wuri ne mai sa hawaye, kuma da yawa daga masu son fim ɗin saboda shi suke sonsa. To amma abin da aka tarar a ciki bai goyi bayansa ba. Kowane mutum an same shi a mazauninsa. Babu wanda ya yi rububin ƙofa. Ba a saki nauyin ƙarfen da ke ƙasan jirgin ba, wanda aka tanada don tashin gaggawa. An ga alamun da ke nuna iska ta daɗe a wani sashe na cikinsa kafin ruwa ya cika shi. A 2013 kuma aka sanar cewa ragowar jan ƙarfe a bakin sandar na nuna bam ɗin ya tashi yana manne da ita, wato jirgin na 'yan mitoci kaɗan daga fashewar. A 2017 Rachel Lance, mai bincike a Jami'ar Duke, ta fitar da sakamakon da ke cewa girgizar fashewar ce ta ratsa ƙarfen ta kashe su nan take. Akwai masanan da ba su yarda da ita ba, suna karkata ga ƙarewar iska yayin da suke jiran igiyar ruwa ta juya. Har yau ba a rufe maganar ba.

A wuri ɗaya kuwa laka ta gaskata fim ɗin. An daɗe ana ba da labarin cewa wata tsabar zinare ta dala 20 da ke aljihun Dixon ta tare masa harsashi a yaƙin Shiloh a 1862. Mutane da yawa sun ɗauke shi tatsuniyar bayan yaƙi. A 2001 aka tsinci tsabar kusa da ƙasusuwansa, a lanƙwashe, an zana mata sunan Shiloh da ranar 6 ga Afrilun 1862 da haruffan farko na sunansa, kuma ƙashin cinyarsa na hagu na ɗauke da tabon rauni da ya warke. An binne mutanen takwas a maƙabartar Magnolia ta Charleston ranar 17 ga Afrilun 2004, shekara 140 bayan mutuwarsu.

Das Boot wata duniya ce daban. Shekara saba'in da bakwai sun wuce tsakanin labaran biyu, kuma jirgin ya girma: U-96, jirgin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai mita 67, yana da injin dizal na tafiya a sama da batura na tafiya a ƙasa, yana ɗauke da mutum kusan hamsin. Darakta Wolfgang Petersen ya ɗauko labarin daga littafin Lothar-Günther Buchheim na 1973, wanda shi kansa ya bi wannan jirgi a ƙarshen 1941 a matsayin ɗan jaridar soja. Don haka wanda ya fara ba da labarin ya shaƙi warin wurin da hancinsa. Ana ganin haka a ƙananan abubuwa: burodin da ya yi funfuna ana yanke gefensa ana ci, tsiran nama a rataye a kan bututu, banɗaki guda na kowa da kowa don an cika ɗayan da abinci, gado ɗaya mutum biyu suna karɓa-karɓa. An gina cikin jirgin daidai da girmansa a situdiyon Bavaria da ke Munich, mai ɗaukar hoto Jost Vacano ya riƙa gudu da kyamara a hannu ta cikin ƙananan ƙofofi yana bin 'yan wasa. An hana 'yan wasan shiga rana don fatarsu ta koɗe, gemunsu na tsiro a hankali yadda labarin ke tafiya. An sa fim ɗin a takarar Oscar a fanni shida, bai ci ko ɗaya ba.

Tsoron da ke cikin fina-finan biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya kamata mai zaɓe ya fi dubawa. A The Hunley jirgin ne abokin gaba. Ba sai kowa ya harbe su ba, kuskuren hannu ɗaya ko bawul ɗaya da aka manta ya isa. A Das Boot jirgin gida ne, mai wari da ƙunci amma gida, mutuwa kuwa daga sama take zuwa. Za ka ji ƙarar na'urar da jiragen Birtaniya ke laluben su da ita tana bugun ƙarfe, ka ji farfela na wucewa a kansu, kowa ya ɗaga kai yana kallon rufi ba mai magana, sannan bama-bamai su fara tashi. A mashigar Jibraltar, lokacin da suka yi ƙoƙarin kutsawa Bahar Rum, jirgin ya sulale har ƙasan teku, mita 280, ƙusoshi na tsinkewa suna harbi kamar harsashi, babban injiniya da yaransa suka shafe sa'o'i suna gyara da waya da ƙarfin hali. Ban san wani fim da ya kai wannan wurin nuna darajar makaniki ba. Jürgen Prochnow, wanda ya fito a matsayin kyaftin ɗin da yaransa ke kira Tsoho alhali shekarunsa talatin, da ido kawai yake yawancin wasansa.

Ƙorafin masu kallo a kansa guda ne babba: tsawo. Kuma da gangan ne. Petersen na so ka gaji yadda suka gaji, ka yi makonni ana yawo a tekun Atlantika ba a ga ko jirgi ɗaya ba, ana guguwa, ana zagin juna. Wanda ya zo neman harbe-harbe zai fara duba waya kafin a yi nisa. Buchheim kansa bai ji daɗin wasu wurare ba, ya soki yawan ihu da firgicin 'yan wasan, yana ganin sojojin gaske ba haka suke ba. Ƙarshensa ma an ƙara masa gishiri: a fim jiragen sama sun ragargaza su a tashar La Rochelle daidai lokacin da suka iso gida, alhali U-96 na gaskiya sai a watan Maris na 1945 aka nutsar da shi a Wilhelmshaven, kyaftinsa Heinrich Lehmann-Willenbrock kuwa ya rayu har 1986, har ma ya ba masu fim ɗin shawara. Saboda haka wanda ke cewa shi Das Boot zai kalla don ya fi gaskiya, ya sani duka biyun sun ƙirƙiri ƙarshensu. Bambancin shi ne masu Das Boot sun san gaskiyar suka zaɓi su kauce mata, Gray kuwa ya cike gurbin da ba wanda ya san abin da ke ciki a lokacin.

Akwai abin da fina-finan biyu suka haɗu a kai wanda bai kamata a tsallake ba. Dukansu suna zaunar da kai cikin mutanen da ke yaƙi a ɓangaren da ba shi da gaskiya, su sa ka riƙa yi musu fatan tsira. 'Yan U-96 sojojin Hitler ne. 'Yan Hunley kuwa na jihohin Kudu ne da suka ɓalle don kare bautar da baƙar fata, kuma Karolina ta Kudu ce ta fara ɓallewa a watan Disambar 1860. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirkan da aka kai nahiyar Amurka ta Arewa a matsayin bayi ta Charleston suka sauka, kuma tsibirin Sullivan, inda Hunley ya tashi a darensa na ƙarshe, nan ne aka riƙa killace da yawa daga cikinsu kafin a kai su kasuwa. Mai kallo daga Afirka ta Yamma ba zai ga wannan gaɓar teku da idon da ɗan Alabama zai gan ta ba.

A nan Das Boot ya fi ƙarfin hali. Bai ɓoye ko su waye mutanensa ba. Akwai hafsa guda mai aƙidar Nazi wanda sauran ke yi wa dariya, kyaftin na yi wa manyan Berlin ba'a a fili, kuma akwai wurin da ba a mantawa: sun harbi tankar mai da suka ɗauka babu kowa a ciki, sai ga mutane suna faɗowa ruwa da wuta a jikinsu, suna iyo zuwa wurinsu suna neman ceto, kyaftin ya ba da umarni a ja da baya. Fim ɗin ya sa ka kalli abin da aikinsu yake haifarwa. Duk da haka akwai masu sukar cewa ya wanke sojojin ruwan Jamus fiye da kima, ya nuna su kamar ƙwararrun da siyasa ba ta dame su ba. Kuma irin waɗannan jirage ba a nesa da mu suka tsaya ba: a 1941 sun nutsar da jiragen kaya da yawa a kusa da Freetown ta Saliyo, kuma ta teku aka kwashi dakarun Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa, zuwa yaƙin Bama. The Hunley kuwa ya ratse batun bauta ya wuce. Yana magana ne a kan jarumta da kare gari, kamar dai garin ba shi da wani tarihi. Bai kuma zauna da mutanen Housatonic har ka san su ba, alhali mai gadin da ya fara hango abin yana tahowa cikin ruwa a daren nan baƙar fata ne, Robert Flemming, sojan ruwan Arewa, kuma shi ne ya ba da shaidar ganin wani shuɗin haske a kan ruwa bayan fashewar, shaidar da har yau ake muhawara a kan ma'anarta. Wanda wannan shirun zai dame shi, zai dame shi tun daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ce masa bai yi daidai ba.

Sauran lissafin na yau da kullum ne. The Hunley awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintuna, da Turanci, labari a miƙe, ana iya gama shi bayan isha'i a kwanta da wuri. Das Boot kala uku ne: na sinima na 1981 mai kusan awa biyu da rabi, wanda darakta ya sake tacewa a 1997 mai kusan awa uku da rabi, da na talabijin mai kusan awa biyar. Na 1997 ne ya fi dacewa da yawancin mutane, don sautinsa an gyara shi kuma ya ba 'yan jirgin fili ka san su ba tare da ya kai ka ga gajiyar na awa biyar ba. A kula wurin nema, akwai wani shiri mai dogon zango da aka fara a 2018 da suna iri ɗaya, wani abu ne dabam. Da Jamusanci aka yi shi, sai ka bi rubutun fassara a ƙasan allo. Akwai mai muryar Turanci, wanda yawancin 'yan wasan suka yi da bakinsu, amma na asalin ya fi ɗaci da daɗi. In karatun rubutu da sauri na ba ka wahala, wannan kaɗai ya isa ya tura ka wurin The Hunley.

Duka biyun duhu ya yi musu yawa, ba su da kyau a waya da rana tsaka. Rabin Das Boot a kunne yake, in ba ka da lasifika mai kyau ka sa abin kunne, in ba haka ba ka yi asarar digar ruwa da kukan ƙarfe da aka gina tsoron a kansu. Batun iyali kuma: Das Boot ya buɗe da shagalin mashaya na hafsoshi, da maye da amai da rashin kunya, kuma bakin 'yan jirgin ba shi da linzami har ƙarshe. Ba fim ne na falo da yara ko surukai ba. The Hunley ma yana da giya da dambe da mutuwa a fili, amma da yake don talabijin aka yi shi, ya fi kamewa, za a iya kallonsa da matasa a tattauna bayan an gama.

Wanda bai taɓa kallon irin waɗannan ba, ko malamin da ke son ya ja hankalin ɗalibai zuwa tarihin ƙere-ƙere, ya fara da The Hunley, amma ya riƙe a ransa cewa Dixon yaro ne, matar ƙirƙira ce, kuma mutanen a kujerunsu aka same su. Wanda ya riga ya saba da fina-finan yaƙi, yake neman wanda zai matse shi har ya manta da shayin da ke gabansa, ya ware yammacin da ba shi da wata sabga, ya cika caji, ya ɗauki Das Boot na 1997. In kuma duka biyun za ka kalla, kada ka fara da na Jamus. Bayan awa uku da rabi a cikin U-96, idonka zai riƙa kama duk wata gazawar kuɗi da ta wasa a The Hunley, ka kasa ba labarin haƙƙinsa.